Amsar Gwaggo kan maganar Baffanka

Mai sunan Baba,

Na saurari saƙonka har sau uku, na kuma sa autata ta karanta min hoton takardar da ka turo, don idona ba ya kama ƙananan rubutu yanzu. Ka ce gidan kula da tsofaffin da Baffanka yake kwance a Filadelfiya ta Amurka sun ba shi wa'adin kwana 30 ya fita saboda bashin wata huɗu, kuma 'yan gida a WhatsApp sun rabu biyu. Wasu na cewa ka ɗauke shi zuwa gidanka, wasu na cewa a sa shi a jirgi a dawo da shi Kano, wai abin kunya ne ɗan gidanmu ya ƙare a gidan gajiyayyu. Kai kuma kana tambayar abin da al'ada ta ɗora maka, kai da kake ɗan ƙaninsa. To, gyara zama.

Abin da suka faɗa maka game da al'ada gaskiya ne, sai dai rabi suka faɗa. A gidanmu na Yakasai ba a taɓa fitar da tsoho ba. Kakata ta wajen uba ta shekara shida a kwance bayan ɓarin jikinta ya shanye, kuma a ɗakinta Allah ya karɓi abinsa. Amma ka tambayi masu yi maka wa'azin nan wa ya riƙa juya ta, wa ya wanke tsummanta, wa ya ɗura mata kunu da ludayi. Innarmu ce da kishiyoyinta biyu, da matar baffanmu, da mu 'yan mata da ake tasa da asuba mu ɗumama ruwa. Gidan gandu ne, mun fi talatin, in wannan ta gaji waccan ta karɓa. Maza kuwa su shigo su gaishe ta, su ajiye goro, su wuce kasuwa. Ban ce ba su yi komai ba, su ke cika rumbu. Amma jinyar a bayan mata take. Kai mata nawa ne a gidanka? Ɗaya ce, ita ma aikin dare take yi, ga yara biyu, ga bene hawa uku. Mutumin da ba ya iya tashi da kansa, ana kuma yi masa wankin ƙoda sau uku a mako, wa zai sauko da shi ya hau da shi? Masu cewa a dawo da shi gida kuma su faɗa maka wanda zai biya wankin ƙodar a nan, domin Medicare, inshorar lafiyar gwamnatin Amurka ta tsofaffi, ba ta bin mutum zuwa Najeriya, Medicaid, tallafin jinyar marasa ƙarfi, ma haka.

Kalmar gidan gajiyayyu ce ke sukar su, na gane. A nan wanda ba shi da kowa ake kai wa can. A Amurka kuwa na yi jinyar tsofaffin alƙalai da malaman jami'a waɗanda 'ya'yansu ke zuwa kullum. Ba abu ɗaya ba ne, ko da sunan ya yi kama.

Ta fuskar addini, mun karanta a Risala tun muna Islamiyya cewa ciyarwar da ta zama tilas a kan namiji ita ce ta matarsa, da iyayensa biyu idan matalauta ne, da ƙananan 'ya'yansa. Baffa ba ya cikin jerin a mazhabarmu ta Malikiyya. Abin da ke kanka sada zumunci ne, kuma ba ƙaramin abu ba ne, amma bai kai ka ɗauki bashin da zai tsugunar da iyalinka ba. Akwai ma wani sauƙi a ciki: tunda ciyar da shi ba wajibinka ba ne, zakkarka ta halatta gare shi, kuma waɗanda bashi ya danne suna cikin mutum takwas da Suratut Tauba ta lissafa. Ka faɗa wa 'yan kasuwar gidanmu wannan, su da ke fitar da zakka kowace shekara su raba a ƙofar gida.

Yanzu ga abin da na sani ba daga littafi ba. Shekara 19 na yi ina aikin jinya a irin gidajen nan kafin gwiwa ta dawo da ni, na ga takarda irin wannan ba adadi. An rubuta ta yadda za ta firgita mutum, amma ba hukuncin kotu ba ce. Akwai dokar tarayya tun 1987 da ta tsara yadda ake sallamar mazaunin gidan da ke karɓar kuɗin Medicare ko Medicaid. Dalilai shida kaɗai ta yarda da su. Rashin biya yana ciki, ba zan ɓoye maka ba. Amma dole su rubuta dalilin, da ranar, da ainihin wurin da za su kai shi, da yadda za a ɗaukaka ƙara, kuma wurin ya zama inda za a iya kula da shi. Ka sake duba taku. Autata ta ce a gurbin wurin da za a kai shi adireshinka suka sa. Wa ya ba su izini? Ka rubuta musu yau cewa ba ka yarda ba, gidanka ba zai iya ɗaukar jinyarsa ba, ka ajiye kwafi.

Sannan ka ɗaukaka ƙara tun kafin wa'adin ya cika, kada ka ce sai ƙarshen mako. Muddin ƙarar tana gaban hukuma, ba su da ikon fitar da shi saboda kuɗi. A jikin takardar akwai lambar wani jami'i da suke kira ombudusman, aikinsa kare haƙƙin mazauna gidajen, kuma ba a biyan sa ko sisi. Kowace jiha tana da su. Akwai kuma lauyoyin da ke taimakon tsofaffi kyauta, shi zai nuna maka hanyarsu. Abu biyu nake roƙon ka da girman Allah kada ka yi. Kada ka ɗauke shi da hannunka don zuciya ko don kunya, domin da zarar ya fita da yardar dangi, maganar ƙara ta lalace, komawa kuma sai an sha wuya. Kuma kada ka sa hannu a kowace takarda da ta ce kai ne mai ɗaukar alhakin biya. Doka ta hana su tilasta wa dangi tsaya wa majinyaci da aljihunsu, amma na sha ganin ana turo wa mutum takarda da murmushi a ce sa hannu nan kawai. Ka ce sai lauya ya gani. In Yaya, wato Baffan naka, ya ba ka wakilci a kan asusunsa, ka rubuta kusa da sunanka cewa a madadinsa ka sa hannu, daga dukiyarsa za a biya.

Yadda bashin ya taru ba wani sirri ba ne. Medicare tana biyan kwana 20 na farko gaba ɗaya bayan an fito daga asibiti, daga na 21 zuwa na 100 majinyaci yana cika sama da dala 200 kullum, bayan nan ta janye hannunta. Zaman dindindin sai Medicaid, ita kuma ta marasa ƙarfi ce, a yawancin jihohi sai abin da mutum ya mallaka bai wuce dala 2,000 ba. Ka ce an nema masa an ƙi saboda ba a kai takardun banki ba. A sake nema, ko a ƙalubalanci ƙin. Wanda takardunsa suka cika yana jiran amsa, ba a lissafa shi cikin waɗanda suka ƙi biya. Kafin nan, kuɗin fanshonsa na gwamnati da ke shigowa duk wata a riƙa miƙa wa gidan, ana karɓar rasit.

Ga inda gizo ke saƙar, kuma nan ne maganar ta dawo kanmu mu na gida. Medicaid tana duba asusun mutum shekara biyar baya. Duk abin da ya kyautar a cikin wata 60 ɗin nan za a tara shi, a raba da kuɗin jinyar wata ɗaya a jihar, abin da ya fito shi ne yawan watannin da za a hana shi tallafi. Su ba ruwansu da zumunci, kyauta kyauta ce. Yaya kuwa tun da ya fara tuƙin tasi a can a 1984 bai taɓa riƙe kuɗi ba. A cikin shekara biyar ɗin nan ya yi wa 'yar ƙanwarmu kayan ɗaki, ya biya wa ƙaninmu kujerar Makka, ni kaina ya biya min aikin gwiwa. Ga gidan da ya gina a Hotoro da shaguna huɗu a gabansa. Wannan gidan dukiyarsa ce ko da yana bayan teku, dole a rubuta shi a takardar nema. Wani zai ce maka wa zai sani. Kada ka saurare shi. Ƙarya a takardar gwamnati laifi ne a can, a wurin Allah ma ka san matsayinta, kuma sunanka ne zai kasance a ƙasa.

To ka ga al'adar da ka tambaya. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, Allah ya yafe min misalin, Yayana ba kuturu ba ne. Mu muka ci. Wanda ya fi kowa ɗaga murya a WhatsApp cewa ka kunyata gida, shi ke karɓar hayar shagunan nan shekara da shekaru, ba a taɓa jin ya yi lissafi ba. Ba sai na kira suna ba. A tsarinsu, idan aka mayar da abin da aka kyautar, ana rage hukuncin ko a ɗage shi, akwai kuma hanyar neman sassauci idan hanin zai jefa rayuwar majinyaci cikin haɗari. Lauya zai faɗa maka yadda jiharku ke lissafa shi. Ni na riga na kai sarƙata da awarwarona wajen maƙerin zinari an auna. Ka san abin da naira ta zama, ba za su cika ba, amma ina so in shiga taron gida ranar Juma'a da bakin magana. Zan ce a tara hayar da aka ci, a sa gidan a kasuwa idan Yaya ya yarda. A tambaye shi, harshensa ya yi nauyi amma hankalinsa garau yake. Bashin nan kuma ko ya rasu yana wuyansa, daga dukiyarsa za a fara fitar da shi kafin kowa ya ga gado. Masu jiran gidan su sani.

Saura ɗansa. Na san bai taso a hannunmu ba, uwarsa ta tafi da shi tun yana ƙarami, ko Hausa ba ya ji. Duk da haka shi ne na farko, a al'ada da a addini, har ma a dokar jihar da kuke. Fensilbaniya tana cikin jihohin da ake iya bin ɗa bashin jinyar iyayensa. A 2012 kotu a can ta ɗora wa wani mutum kusan dala 93,000 na mahaifiyarsa da ta koma ƙasar Girka. Wannan dokar ba ta kai kan ɗan ɗan'uwa ba, amma shi tana iya taɓa shi. Ka kira shi, ba da gori ba, kada ka ce masa ina kake duk shekarun nan. Ka ce ga halin da mahaifinka yake, ga abin da muke yi, ga abin da ka iya biyo ka. Mu ma ba mu neme shi ba lokacin da ya kamata.

Naka aikin shi ne ƙafa. Zumunta a ƙafa take, a can ma haka ne. Mu ma'aikata mun san ɗakin da ake yawan leƙawa, mun san wanda ba mai zuwa, kuma kada ka yarda da wanda ya ce maka kulawar ɗaya ce. Ka riƙa zuwa ba a lokaci ɗaya ba, wata rana da safe, wata rana bayan isha'i. Ka ɗaga bargo ka duba bayansa da dugadugansa ko kwanciya ta fara cin fata. Ka gaishe da masu wanke shi da sunansu. Ka nemi a rubuta a takardarsa cewa ba ya cin naman alade, a juya masa gado ya iya fuskantar alƙibla in ɗakin ya ba da dama, ka ajiye masa dutsen taimama a kusa. Mutanen masallacinku su raba kwanaki, ko mutum biyu-biyu ne.

Ka ce wa matarka na gode da miyar kuka da take kai masa, amma ta fara nuna wa mai kula da abincinsu, masu wankin ƙoda ba kowane abu suke ci ba, ta kuma cire kanwa da gishiri. Ka turo min hoton takardun bankinsa na shekara biyar in ka samu, ni zan gane wanda aka tura wa kowane kuɗi. Ranar Lahadi bayan la'asar ɗinmu, lokacin ku hantsi ne, ka kira ni ka kara masa wayar a kunnen dama, na hagun ba ya ji tun muna yara.

Gwaggonka.