Zuwa ga Kawu: aikin likita mai binciken raunin ƙwaƙwalwa a Birtaniya

Assalamu alaikum Kawu. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya da iyali baki ɗaya.

Saƙonku ya iso. Kun ce mutane suna tambayarku ko ni likita ne ko malamin jami'a, kuma ku ma kuna son jin dalilin da ya sa wasunmu da ke zaune a Birtaniya ba sa tsayawa kan duba marasa lafiya kawai, sai a ji suna bincike har furfura ta fito musu. Zan amsa muku da abin da na sani a fannina.

A nan akwai rukunin likitocin da aikinsu rabe yake biyu tun daga takardar ɗaukar aiki. Jami'a ce ke ɗaukar mutum, hukumar lafiya ta NHS kuma ta ba shi matsayin babban likita a asibiti. Wasu ranakun mako yana gefen gadon majinyata, wasu yana tattara bayanai da rubutu, wasu yana gaban ɗalibai. Ina cikin wannan rukuni, kuma majinyatana su ne waɗanda suka ji rauni a ka: wanda mota ta buge, wanda ya faɗo daga bene, wanda aka rotsa wa kai, da tsofaffi masu yawa da santsi ko jiri ya kayar a cikin ɗakunansu.

Raunin ƙwaƙwalwa kashi biyu ne. Na farko shi ne ɓarnar da bugun ya yi a take, wannan ta riga ta faru kafin mu ga mutum, ba mu da yadda za mu mayar da ita. Na biyu shi ne wanda ke biyo baya cikin sa'o'i da kwanaki: jini ya taru, nama ya kumbura, numfashi ya gaza kai iskar oksijin, ƙarfin gudun jini ya faɗi. Ƙoƙon kai ba ya buɗewa ya ba kumburi wuri, kamar ƙafar da ta kumbura a cikin takalmin da ba shi da maɓalli. Idan matsin ya yi yawa sai ya hana jini shiga, ƙwayoyin da bugun bai taɓa ba su ma su mutu. Kusan duk abin da muke yi a asibiti, da kusan duk abin da muke bincike a kai, yaƙi ne da wannan rauni na biyu.

A 1974 wasu likitocin fiɗar ƙwaƙwalwa biyu a Jami'ar Glasgow, Graham Teasdale da Bryan Jennett, suka lura cewa kowa yana kwatanta suman majinyaci da kalmomin da suka zo bakinsa. Nas ta dare ta ce ya ɗan farfaɗo, likitan safe ya ce yana nan a some, ba a san ko gaba ya yi ko baya ba. Sai suka tsara ma'auni mai duba abu uku: yana buɗe ido, yana magana, yana motsa gaɓɓai idan an umarce shi ko an matsa masa? Yadda ake amfani da shi yau, maki yana farawa daga 3 ya tsaya a 15, kuma wanda ya samu 8 ko ƙasa da haka rauninsa mai tsanani ne. Ba na'ura, ba kuɗi, takarda ce suka buga a mujallar Lancet. Yau da wuya a sami sashen gaggawa a duniya da ba a aiki da wannan ma'auni, har asibitocin da kuka sani. Idan maki ya sauka daga 13 zuwa 10 cikin sa'a guda, ma'aikacin da bai taɓa ganin fiɗar kai ba ya san lokacin kiran babban likita ya yi.

Amma labarin da na fi so ku riƙe shi ne na magungunan sitiroyid. Fiye da shekara 30 ana yi wa masu raunin kai allurarsu. Dalilin kuwa a bayyane yake: suna rage kumburi a wasu cututtuka, kumburi kuma shi ke kashe waɗannan majinyata. Manyan likitoci suka koya wa ƙanana, ƙanana suka girma suka koya wa na bayansu. Sai ƙungiyar Farfesa Ian Roberts a Landan ta ce a gwada. Aka ɗauki majinyata 10,008 a ƙasashe 49, aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a, rabi aka yi musu allurar, rabi aka yi musu wadda babu magani a ciki, ba tare da likita ko dangi sun san wa ya samu wacce ba. A 2004 aka tsayar da gwajin kafin lokacinsa, domin cikin mako biyu kashi 21 cikin ɗari na waɗanda aka ba maganin sun rasu, na ɗaya ɓangaren kuma kashi 18.

Kawu, ku dubi wannan tazara. Mutum uku ne cikin ɗari. Babu likitan da zai iya ganinta da idonsa, ko da ya shekara arba'in a asibiti, domin wanda ya rasu za a ce rauninsa ne ya yi tsanani, wanda ya tashi kuma a ce magani ya yi aiki. Waɗanda suka yi ta ba da allurar ba jahilai ba ne, ba kuma mugaye ba. Mutanen kirki ne masu ƙwarewa, suna cutar da majinyatansu da kyakkyawar niyya. Wannan ne ya sa ba na yarda idan aka ce mai bincike ya bar marasa lafiya ya koma takarda. Waɗanda suka ƙirga waɗannan dubu goma sun tsare rayukan da ba za su taɓa sanin sunayen masu su ba. Ita dai wannan ƙungiya ta fitar da wani sakamakon a 2019, cewa maganin tsayar da jini mai araha, tranexamic acid, yana rage mutuwa a raunin kai mai sauƙi da matsakaici idan aka ba da shi cikin sa'a uku.

Ba kullum bincike ke kawo amsa mai daɗi ba. Akwai fiɗar da ake cire wani ɓangare na ƙoƙon kai don a ba kumburi wuri. Farfesa Peter Hutchinson na Cambridge ya jagoranci gwajinta kan majinyata 408, aka buga a 2016. Mutuwa bayan wata shida ta ragu daga kusan kashi 49 zuwa kusan kashi 27. Sai dai cikin waɗanda suka rayu, an ƙara samun masu nakasa mai tsanani, da waɗanda ke numfashi ba su san inda suke ba. Ni ne zan zauna da uwa ko mata in gaya mata wannan, kuma ita ce za ta yi jinya shekaru. Na fi son in gaya mata gaskiya da alƙaluma a hannuna da in bar ta da tsammani. Rai na Allah ne, wannan ba ma ja. Amma abin da ya sanar da bayinsa, amana ce a faɗe shi yadda yake.

Wataƙila za ku ce, ta yaya ake gwaji kan wanda yake a some bai ba da izini ba? Dokokin ƙasar sun tanadi wannan. Kwamitin ɗa'a ne ke duba tsarin tun kafin a fara, ana neman shawarar dangi idan suna kusa, idan majinyaci ya farfaɗo kuma a tambaye shi, yana da ikon cewa a cire shi.

Hanyar shiga aikin tana da tsawo. Bayan makarantar likitanci akwai shekara biyu na aikin share fage. A Ingila, hukumar NIHR mai tallafa wa binciken lafiya, da aka kafa a 2006, tana da gurbin shekara uku wanda kashi ɗaya cikin huɗu na lokacin matashin likita na bincike ne. Daga nan ya nemi tallafi ya yi digirin digirgir, sannan ya zama malami mai raba lokacinsa rabi da rabi har ya kammala horon ƙwarewa. Horon fiɗar ƙwaƙwalwa shi kaɗai shekara takwas ne. Kujerar farfesa tana can gaba, da yawa suna ritaya ba su hau ta ba. Kuɗin binciken kuma ba a albashi yake ba. Sai ka rubuta takardar neman tallafi zuwa NIHR ko wasu masu ba da kuɗin bincike irin su MRC da Wellcome, ka yi watanni kana gyara ta, kuma wadda ake ƙi ta fi wadda ake karɓa yawa nesa ba kusa ba.

Shi ya sa mu Hausawan da muka bi wannan hanya ba mu da yawa. Galibinmu mun zo da digirinmu daga gida, shekaru sun ɗan ja, ga iyali, ga masu jiran taimako a baya. Wanda ya koma digirin digirgir samunsa zai ragu idan aka kwatanta da abokinsa mai karɓar ƙarin aikin dare da na ƙarshen mako. Ga kuma gasa da yaran da suka tashi a nan, waɗanda tun suna ɗalibai aka sa sunayensu a takardun bincike. Saboda haka ba ma ganin laifin wanda ya zaɓi aikin asibiti zalla, shi ma nauyi ya sauke. Abin da muke yi wa juna shi ne, idan wani zai miƙa takardar neman gurbi ko tallafi sai ya tura wa na gaba da shi a karanta a yi mata gyara ba sani ba sabo. Kafin ranar ganawa mu zauna mu yi masa tambayoyin da za a yi masa. Mun kuma koya wa juna wani abu da ke ba sabon zuwa wahala: a nan ƙaramin likita yana iya ce wa farfesa, a gaban jama'a, mene ne hujjarka, kuma ba a ɗauke shi rashin kunya. Wanda ya yi shiru saboda ladabi sai a zaci ba shi da abin cewa. Mun rasa gurabe da dama ta wannan hanya kafin mu gane.

Saura koyarwa, wadda wasu ke rainawa, ni kuwa ina ganin ita ke kai bincike inda zai yi amfani. Wanda zai fara taɓa majinyaci da ƙarfe uku na dare ba farfesa ba ne, ƙaramin likita ne da nas. Idan ba su san cewa mai jini tsakanin ƙoƙon kai da ƙwaƙwalwa yana iya tashi ya yi hira lafiya lau, bayan sa'o'i kaɗan ya sume, za su sallame shi gida. Don haka koyar da likitoci fanni ne mai zaman kansa, da digirinsa da mujallunsa. A 1975 Ronald Harden na Jami'ar Dundee ya bayyana wata irin jarrabawa da ake kira OSCE. Ɗalibi yana zagaya ɗakuna, a kowanne akwai aiki guda da zai yi da hannunsa cikin 'yan mintoci, mai jarrabawa yana riƙe da takardar maki iri ɗaya ga kowa. A wani ɗakin mutum-mutumi ne, a wani ɗan wasan kwaikwayo ne ya zauna a matsayin uban da za a gaya wa ɗansa ba zai farfaɗo ba. Kafin wannan, sakamakon ɗalibi ya dogara da irin majinyacin da ya faɗo masa da halin malamin a ranar. Duk ɗan uwanmu da ya zo ta PLAB, jarrabawar da ake yi wa likitocin da suka yi karatu a ƙasashen waje, ya bi ta irin waɗannan ɗakuna. Mu manyan ma ba a bar mu ba: ana duba aikinmu kowace shekara, duk shekara biyar kuma hukumar GMC mai rajistar likitoci ta sake tabbatar da lasisinmu.

Game da ɗanku da kuka ce yana sha'awar wannan hanya, ku gaya masa kada ya jira sai ya fito waje. Ya fara da asibitin da yake: ya nemi izinin shugaban sashensa da na kwamitin ɗa'a, ya riƙa rubuta makin suman duk mai raunin kai da aka kawo, da sa'o'in da suka wuce kafin a kawo shi, da yadda ya kasance ranar sallama da bayan wata shida. Ya koyi lissafin ƙididdiga sosai, ya riƙa koyar da na ƙasa da shi yana ajiye shaidar hakan. Idan ya tara na shekara guda ya turo min, mu zauna a kai tare mu ga ko zai yi takarda.