Tambaya da Amsa: Yaya zan sa kyamara ta ɗauki duk wanda ya buɗe ƙofar sitona?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina da sito a Kawo, nan Kaduna, inda nake ajiye katan-katan ɗin taliya da jarkokin man gyaɗa. Mu uku ne ke riƙe da makulli. Kaya suna raguwa, alhali kwaɗo lafiyarsa lau. Na sa kyamara, amma dare da rana take naɗa, ba ni da lokacin zama in yi ta duba bidiyo. Ɗana da ke karatun kwamfuta ya ce ana iya haɗawa ta yadda da zarar an buɗe ƙofa kyamara ta tashi, saƙo kuma ya shigo wayata. Da gaske ne? Me zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya tsare dukiya, ya mayar da alheri. Gaskiya ɗanka ya faɗa maka, kuma aikin bai kai tsadar da mutane ke zato ba. Sai dai akwai gyara guda a yadda ka tsara abin a ranka, kuma a kansa zan fi tsayawa.

Bari mu fara da abin da zai san an buɗe ƙofar. Wani ɗan makunni ne mai aiki da maganaɗisu, tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba, ana sayar da shi gida biyu. Gida ɗaya maganaɗisu ne zalla, shi ake ɗaurawa a jikin ƙofa. Ɗayan, mai wayoyi biyu, a jikin firam ake kafa shi, cikinsa akwai 'yan siraran ƙarafa biyu a cikin kwalbar gilashi. Idan ƙofa tana rufe, maganaɗisun yana kusa, ƙarafan sun manne, wuta tana zagayawa. Ana tura ƙofa sai su rabu, wutar ta yanke. Wannan yankewar ita ce labarin da na'ura ke jira. Ba ya cin batir, ƙura ba ta shiga cikinsa, shi ya sa nake fifita shi a kan na'urar da ke jin motsi. Duk wanda ya taɓa sa kyamara ta riƙa sanar da shi motsi a Kaduna ya san wahalar: ƙadangare ya gifta, saƙo, hazon hunturu ya turnuƙe gaban fitilar kyamara da dare, saƙo, fitilar mota ta haska bango, saƙo. Kwana uku mutum zai gaji ya kashe sanarwar. Ƙofa kuwa ko dai a buɗe take ko a rufe.

Ka sayi irin wanda wuta ke bi ta cikinsa lokacin da ƙofa ke rufe, masu shago suna ce masa NC. Amfaninsa shi ne, ko wani ya yi dabara ya datse wayar, na'urar za ta ɗauka an buɗe ƙofa ne, ta sanar da kai.

Yanzu ga gyaran da na ce. Kada ka bari kyamara ta kwanta tana jiran ƙofa ta tashe ta. Wanda ya san sito yana buɗewa ya shige cikin daƙiƙa biyu ko uku, kyamarar da take kashe kuwa kafin ta kunnu, ta daidaita haske, ta fara naɗa, ya riga ya wuce. Ƙeyarsa kawai za ka gani, ko ƙofa a buɗe babu kowa. Na sha ganin bidiyo irin wannan, mai kaya ya ƙura masa ido yana cewa kamar wane ne, kuma da irin wannan "kamar" ake ɓata wa bayin Allah suna. Kyamara ta zauna a kunne koyaushe. Aikin ƙofa shi ne ta sa alama a wurin, ta ce a adana daga daƙiƙa biyar ko goma kafin buɗewa zuwa minti ɗaya bayanta. Na'urorin naɗi suna riƙe 'yan daƙiƙun baya a ƙwaƙwalwarsu don wannan buƙatar, akwai wurin saita shi a cikin tsarin naɗi. Da haka za ka ga hasken da ya fara shigowa ta tsagar ƙofa, ka ga hannu, ka ga fuska. Da safe maimakon bidiyon awa 24, jerin lokuta shida ko bakwai za ka tarar, ka duba su kafin shayinka ya huce.

Tunda kana da kyamara, hanya mafi sauƙi ita ce ka juya akwatin naɗinka, wato DVR, ka duba bayansa. Da yawa daga na Hikvision da Dahua suna da jerin 'yan ramukan ɗaura waya, galibi kore, an rubuta ALARM IN a kansu, kusa da ramin G. Waya ɗaya ta makunnin ta shiga lamba 1, ɗayar ta shiga G. A cikin saiti a zaɓi NC, a nuna kyamarar da za ta naɗa, a kunna tura sanarwa zuwa manhajar waya. Shi ke nan, ba sai an rubuta komai ba. Ƙananan akwatuna masu araha sau da yawa ba su da waɗannan ramuka, to idan naka haka yake, aiki ya koma hannun ɗanka.

Shi zai nemi Raspberry Pi, 'yar kwamfuta ce da ta fito daga Ingila a 2012, faɗinta kamar katin banki, tana da 'yan ƙusoshi 40 a gefe waɗanda ake haɗa su da kayan waje. Ya ɗaura waya ɗaya a ƙusa ta 11, wadda ake kira GPIO17, ɗayar a ta 9. Sannan ya rubuta ɗan umarni da Python, wato harshen rubuta wa kwamfuta umarni, bai fi layi ashirin ba, wanda zai ce: idan wuta ta yanke a nan, rubuta lokaci, ɗauko hoto daga kyamara, tura ta Telegram. Kai kuma ɗan Alhaji, abu uku zan ja kunnenka a kansu. Ƙusoshin nan bolt 3.3 suke ɗauka, ka kuskura wayar bolt 12 ta kyamara ta taɓa su, allon Pi ya tafi. Ƙarafan makunnin kuma suna ɗan karkarwa lokacin haɗuwa da rabuwa, kwamfuta za ta ƙirga buɗewa ɗaya a matsayin biyar, don haka ka sa ta yi watsi da duk canjin da bai kai kashi ɗaya cikin ashirin na daƙiƙa ba, bayan saƙon farko kuma ta yi shiru na minti ɗaya. Na ukun agogo ne: yawancin samfuran Pi ba su da agogo mai batir, daga intanet suke karɓar lokaci. Idan wuta ta dawo babu sabis, lokacin da zai rubuta ba daidai ba ne, hoton da lokacinsa ya goce kuwa ba ya raba gardama. Ka ƙara masa ɗan allon agogo mai batir. Idan saƙo kawai ake so ba hoto, wani ɗan allo da ake kira ESP32 ya wadatar a madadin Pi, ya fi araha, ya fi ƙarancin cin wuta.

Ɗaurawar ita ce inda aka fi faɗuwa. Ƙofofin sito a garin nan kusan duk na ƙarfe ne, irin aikin masu walda na Panteka, ƙarfe kuwa yana janye ƙarfin maganaɗisu. Makunnin da zai yi aiki a tazarar santimita biyu a jikin katako, a jikin ƙarfe sai ya kusa mannewa. A farkon fara wannan sana'a na ɗaura wa wani bawan Allah a Tudun Wada kai tsaye a kan ƙarfe. Da rana komai lafiya. Da dare hadari ya taso, iska ta riƙa jijjiga ƙofar, saƙonni suka cika masa waya, ya fito cikin ruwa da tocila ya tarar da kwaɗonsa a kulle. Har yau abin yana damuna. Tun daga ranar nake sa ɗan katako ko roba tsakanin ƙarfen da kowane gida na makunnin, in kuma kama ƙofar in girgiza ta da ƙarfi kafin in tafi. A ɗaura shi daga ciki, can sama, a gefen da ƙofar ke buɗewa, ba gefen da take juyawa ba. Idan ƙofar mai naɗewa sama ce, akwai babba mai jikin alminiyom da ake kafawa a daɓe, yana jure tazara mai faɗi.

Kyamarar ma a duba inda take kallo. Idan daga cikin sito mai duhu take fuskantar ƙofa, ranar tsakar Kaduna za ta cika bayan mutum, ya zama inuwa baƙa. A karkatar da ita gefe, a sauko da ita kusa da tsayin kai, a bar ƙwan fitila ɗaya a ciki.

Sai maganar wuta. Mai ɗibar kaya ya san lokacin da ake ɗauke ta. DVR, kyamara, da na'urar intanet duk su hau batir ɗaya ko ƙaramar inbata mai sola, akwatin kuma a ɓoye shi nesa da ƙofa. Pi ba ya son yankewar wuta kwatsam, katin ƙwaƙwalwarsa yana iya lalacewa.

Alhaji, shawarata ka tara abokan riƙon makullin nan ka gaya musu an sa wannan abu, kowa ya san ana rubuta lokacin buɗe ƙofa. Ya fi maka kwanciyar rai, ya kuma wanke wanda ba shi da hannu. Ka sani makunnin zai gaya maka an buɗe ne kawai, adadin katan ɗin da ya fita sai littafin kaya, don haka a riƙa ƙirga kowace Juma'a ana gwadawa da jerin lokutan.

Ranar da aka gama haɗawa, kada mai aikin ya karɓi cikon kuɗinsa sai kun gwada tare bayan magariba. Ku kashe wutar sito daga babban makunni, ka tsaya can bakin titi da wayarka a hannu, ɗanka ya buɗe ƙofa ya shiga da sauri. Idan saƙo ya iso, ka buɗe bidiyon ka ga fuskarsa sarai da lokacin da ya yi daidai da agogonka, sai ka sallami mai aiki.