Ya halatta in karanta littattafan Dr. Ruth don gyara aurena?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah ni da maigidana muna da matsala wajen kwanciya kuma wallahi kunya ba ta barina in tambayi kowa, sai wata ƙawata ta turo min littafin Dr. Ruth ta Amurka, amma na ji an ce Bayahudiya ce. Ya halatta in karanta?

AMSA: Wa alaikumus salam. 'Yar uwa, tambayarki ba rashin kunya ba ce. Ummu Sulaim da kanta ta je wajen Annabi (SAW) ta ce Allah ba ya jin kunyar gaskiya, sannan ta yi tambaya a kan mafarkin mace, yana cikin Bukhari da Muslim.

Ita Ruth Westheimer an haife ta a Jamus a 1928, iyayenta sun mutu a hannun 'yan Nazi, ta yi zama a Falasɗinu har ta shiga Haganah, ƙungiyar mayaƙan Yahudawa, ta koma Amurka a 1956 ta yi digirin dakta a fannin ilimi a Jami'ar Columbia, sai a 1980 ta fara shirin rediyo na minti 15 a New York kan harkar kwanciya, wanda ya fito da ita duniya, ta rubuta littattafai sama da 40, ta mutu a 2024. Mutanenta sun yabe ta cewa ta sa ma'aurata sun daina ɓoye ciwonsu, amma ko a can malaman coci sun soke ta sosai. Kuma ba likitar asibiti ba ce fa, littafinta na matasa na 1985 sai da aka janye shi daga kasuwa saboda kuskure wajen lissafin kwanakin da mace ke ɗaukar ciki.

Yahudancinta ba shi ne ma'aunin hukunci ba. A Sahihu Muslim, Annabi (SAW) ya yi niyyar hana saduwa da mace mai shayarwa, sai ya ga Rumawa da Farisawa suna yi kuma ba ya cutar da 'ya'yansu, sai ya fasa. To kin ga abin da ya shafi jiki da lafiya, kamar dalilin zafi lokacin saduwa ko saurin kawowar namiji ko muhimmancin wasa kafin kwanciya, ana karɓarsa daga wanda ya sani ko ba musulmi ba ne.

Inda matsalar take shi ne ita ma'auninta yardar mutum biyu ne kawai, ba ta ganin laifin saduwa ba aure, ta kare luwaɗi da zubar da ciki, tana kwaɗaitar da istimna'i, wato biyan buƙata da hannu. Mu kuwa Allah ya hana saduwa cikin haila a Baƙara aya ta 222, dubura haramun ce, kallon tsiraicin wasu haramun ne ko da sunan koyo.

Saboda haka ke matar aure mai buƙata, wadda ta san waɗannan iyakoki, ya halatta ki ɗauki bayanin lafiya ki bar sauran, in akwai hotunan tsiraici ki tsallake. Saurayi da budurwa kam ban halatta musu ba. Kuma ni na fi so ki fara zama da maigidanki ku yi magana, in abin ciwo ne ki ga likita mace. Ƙawar nan taki kuma ki daina ba ta labarin shimfiɗarku, hadisin Abu Sa'id a Muslim ya yi kashedi mai tsanani a kan yaɗa sirrin miji da mata.

Wallahu a'alam.