Tambayi Likita: Ƙafar da aka ɗora ta gajarce

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara 24 ya faɗi da kabu-kabu a hanyar Wamakko, cinyarsa ta karye. Mun kai shi wajen mai ɗori, yau wata 5 ke nan. Ƙashin ya kama, amma ƙafar ta gajarce, yana ɗingishi. Akwai gyara?
Wata uwa, Mabera, Sakkwato

Amsa: Hajiya, sannu da jinya, Allah ya ba shi lafiya. Akwai gyara, in sha Allahu. Naman cinya ƙarfi gare shi, shi ke jan karyayyen ƙashi har bakin biyu su hau juna, karan ɗori kuwa ba ya iya riƙe su. A haka ya kama.

Ku kai shi sashen ƙashi na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a ɗauki hoto, a auna ƙafafun biyu. In bambancin bai kai santimita 2 ba, ƙara wa takalmi tudu yakan wadatar. In ya wuce haka, sai tiyata: a yanke ƙashin inda ya karkace, a miƙe shi, a zura ƙarfe cikin ɓargo a ɗaure da kusoshi. Haɗewa kan ɗauki wata 3 zuwa 6, yana dogara sanda, yana motsa gwiwa kullum.

Don Allah, Hajiya, kada a bari kowa ya sake karya shi a gida. In yana shan taba ya daina, tana jinkirta haɗewar ƙashi.