Wilin alminiyam a tsohuwar Kombi

Malam, ka tambaya ko za ka iya sa wilin alminiyam a Kombinka, bas ɗin Volkswagen ta 1974, da kake zuwa Ɗa'if da ita. Za ka iya, muddin ramukansa biyar ne a ma'aunin 5x112, wato ramukan kusoshi biyar a kan da'ira mai faɗin milimita 112, domin masu faɗin 5x205 na ƙirar da ta gabaci 1971 ne.

Sharaɗin da na fi jaddadawa shi ne nauyin da tayar da za ka sa wa wilin za ta iya ɗauka. Ni na taɓa sa tayar ƙaramar mota a tawa a Jidda, da zafin kwalta ya haɗu da nauyin gado da tankin ruwa da ke cikin motar, gefenta ya kumbura kamar ƙwai. Ka nemi taya mai harafin C, alamar tayar motar ɗaukar kaya, irin 185R14C, kuma ka duba shekarar ƙirarta a jikinta.