Bututun Dalma a Tsohon Gida

Tambaya: Malam, na sayi tsohon gida a Birmingham ta Ingila. Bututun ruwan da ya shigo kicin na dalma ne. Yaya zan haɗa shi da na roba? — Wata mai karatu

Amsa: Hajiya, gidajen Ingila da aka gina kafin 1970 da yawansu haka suke. Ki kankare bututun da wuƙa. In yana da taushi, wurin ya yi sheƙi kamar azurfa, to dalma ce.

Mai gyaran famfo zai auna kaurinsa tukuna, domin girman bututun dalma ba ɗaya ba ne. Ya yanke, ya goge bakin, ya sa mahaɗi mai matsewa irin Leadloc, ko na Philmac mai zoben roba a ciki. Ɗayan bakin ya karɓi shuɗin bututun roba mai milimita 25. Kada a liƙe da narkakkiyar dalma, doka ta hana a bututun ruwan sha.

Amma wallahi ni da za ki ji tawa, a cire shi gaba ɗaya. Dalma na taɓa ƙwaƙwalwar yara, tafasa ruwa kuma ba ya fitar da ita. Ki tuntuɓi kamfanin ruwa kan sauya nasu ɓangaren bututun, wato wanda ke wajen gida ta bakin titi. Kafin nan, kowace safiya ki bar famfon ya zuba na 'yan mintuna kafin a sha.