Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Kuɗin Canza Gilashin Mota Ke Bambanta?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Iska ce ta karyo reshen bishiya ya faɗa wa motata. Gilashin baya ya tarwatse, na gaba kuma ya tsage tun daga gefe. Na je wurin masu gilashi biyu, kuɗin da na biyun ya yanka mini ya kusa ninka na farkon. Cuta ce ko da dalili? Kuma na gaban ba ya gyaruwa sai an canza?
Daga wata mai karatu.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya kiyaye gaba, ya mayar miki da alheri. Ba lallai cuta ba ce, mai yiwuwa ba kaya iri ɗaya suka yi miki kuɗinsa ba.

Gilasan nan biyu ba ƙira ɗaya ba ce. Na gaba falle biyu ne aka manne da siririyar roba a tsakani, shi ya sa yake tsagewa amma ba ya zubewa. Wani Bafaranshe, Édouard Bénédictus, shi ya yi wa wannan dabara rajista a 1909. Na baya kuwa, a yawancin motoci falle ɗaya ne da aka gasa aka huce shi da sauri, idan ya fashe sai ya zama ƙanana kamar tsakuwa. Ba shi da gyara, sai sabo. Abin da ke ɗaga kuɗinsa shi ne siraran layukan nan masu ɗumama shi su kore raɓa, a wasu motocin har eriyar rediyo a jikinsa take. Kafin ki biya, ki sa a kunna a tabbatar an jona wayoyin.

Na gabanki ma canji yake so. Da ɗan ƙwarzanen dutse ne wanda bai kai faɗin kwabo ba, kuma ba saitin idon direba yake ba, da an ɗura masa ruwan gam na musamman ya kama. Amma tsagar da ta taso daga gefe ba ta tsayawa, duk rami da zafin rana ƙara mata tsawo suke yi.

Ki leƙa bayan madubin tsakiya. In kin ga ƙaramin akwati manne da gilashin, to motarki na da na'urar jin ruwan sama ko kyamarar da ke lura da layin titi. Irin wannan gilashin ya fi tsada, kuma bayan an sa shi sai an sake saita kyamarar da kwamfuta, wanda aiki ne mai kuɗinsa daban. Sau da yawa mai araha bai lissafa wannan ba. Ki ba su lambar shasi su nemo wanda ya dace. Sannan ki duba tambarin da ke kusurwar gilashin: sunan kamfani kamar Pilkington, Saint-Gobain, AGC ko Fuyao, da harafin E cikin da'ira ko lambar DOT. Wanda ke ɗauke da tambarin kamfanin motar ya fi kuɗi, amma na waɗannan kamfanoni ba shi da laifi. Wanda ba shi da tambari ko ɗaya, kar ki yarda a sa miki.

Inda nake roƙonki kar ki nemi ragi shi ne gam da hannun mai aiki. Gilashin gaba yana taimakawa wajen riƙe rufin mota idan ta kife, kuma a motoci da yawa jakar iskar da ke kare fasinja lokacin haɗari da shi take jingina idan ta buɗe. Na sha ganin gilashin da aka ɗora kan tsatsa, ruwa na ɗiga kan ƙafar direba tun damina ta farko. Ki tsaya ki ga an yanke tsohon gam, an kankare tsatsa an shafe wurin, kuma ki tambayi awa nawa gam ɗin ke buƙata kafin a tuƙa. Kwana ɗaya ko biyu na farko kar ki buga ƙofa da ƙarfi, kar a wanke ta da injin feshi.

In inshorarki mai rufe komai ce, ki kira su kafin a taɓa motar, ki ɗauki hotuna. Wadda ke biyan ɓarnar da aka yi wa wani kaɗai ba za ta biya miki gilashi ba.